Yadda Na Ɓata Sunan Hajiya Rabi

Dije, Sani, da ku ƙannensu, na san abin da kuka riƙe a ranku game da Hajiya Rabi, domin daga bakina ya fito. Yanzu ido ya fara hazo, gwiwa ta fara gardama da matakalar masallaci, ba na so in tafi da wannan magana a cikina. Ku yi haƙuri da abin da za ku karanta. Uba ba ya irin wannan zance da 'ya'yansa, na sani, amma kunyar nan ce ta jawo duk abin da ya faru, saboda haka yau na ajiye ta a gefe.

Lokacin da mahaifiyarku ta rasu ina da shekara sittin da shida. Kun kula da ni, ban ce ba ku kula ba. Abinci na zuwa daga gida uku, jikoki na cika tsakar gida, amma ba wanda ya taɓa tunanin cewa tsohon nan yana da wata bukata bayan tuwo da maganin hawan jini. Mutane sun ɗauka idan gemu ya yi fari to sauran jiki ma ya ajiye aiki. Ba haka ba ne. A shekara ta biyu, lokacin ina ta zirga-zirgar sayen goro a Shagamu, na auri wata bazawara a can ba tare da na gaya wa ko ɗayanku ba. An ɗaura aure na sunna, da waliyyi da shaidu, ba ɓarna na yi ba. Wata uku muka yi, hali bai zo ɗaya ba, muka rabu lafiya. Kafin mu rabu wani ɗan ƙurji ya fito mini a wurin da ba a nuna wa mutane. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Wani mai magani a tasha ya ba ni gari na barbaɗa, bayan 'yan makonni ya bushe, na ce maganin ya yi aiki, na manta da shi sarai.

Na dawo unguwarmu Sabo na zauna, sai idona ya faɗa kan Hajiya Rabi. Kun san ta: shekara shida da mutuwar mijinta, ta haura hamsin, tana alkaki da nakiya a gida, kuma ba bikin da ake yi a unguwar nan ba a ci hannunta ba. Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Malam Isiyaku mai wankin hula, wanda rumfarsa ke bakin lungunmu, ya riga ni fara zuwa. Mutum ne siriri, mai dariya, ba shi da komai sai katakon ɗora hula da sitaci, amma ya iya zance. Ranar da na fara zuwa zance na tarar da shi a zauren yayanta, tana daga ciki tana dariya irin wadda mutum ke riƙe ciki. Ni ban taɓa sa ta irin wannan dariyar ba, ko kafin aure ko bayansa. Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama kusa da tsoho mai neman aure ba. Ni na yi nasara, don ina da gida, ina da suna a kasuwar goro, yayanta kuma ya fi son ɓangarena. Amma ranar da ta amince, sai ta ce, “Allah ya ba Malam Isiyaku wadda ta fi ni, mutumin kirki ne.” Wannan kalma ta shige ni ta zauna, ban taɓa fitar da ita ba.

A lokacin an riga an saba a Sabo, saurayi da budurwa ba a ɗaura musu aure sai sun kawo takardar gwajin jini. Ni kaina na hana Sani aure sai da ya kawo tasa, har ina yi wa abokaina wa'azi cewa yaran zamani ba a san inda suke shiga ba. Saura kwana goma ɗaurin aurena, Dije ta zo da kayan aikinta na asibiti a jikinta, ta auna mini jini, ta daɗe tana naɗe igiyar abin awon, sannan ta yi magana kanta a ƙasa.

“Baba, e ma binu, don Allah kada ka yi fushi. Da kai da Hajiya ku je a yi muku tes ɗin nan. Minti goma ne, ni zan shirya komai, ba wanda zai sani.”

“Tes na me?”

“Na aure, Baba. Wanda kowa ke yi.”

“Ni ne kowa? Ke Dije, karatun naki ne ya kai ki tuhumar ubanki? Ko Hajiya kike zargi, mace mai jikoki?”

“Ba zargi ba ne. Wallahi a wajen aiki muna ganin manya da yawa, ciwon nan ba ya duba shekaru.”

“To ki je ki duba manyan naki. Tashi ki ba ni wuri.”

Ta tashi. Ranar ɗaurin aure ma liman na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya ɗaura na wasu yara biyu kafin namu, ya karɓi takardarsu ya duba sosai. Da aka zo kanmu sai ya yi murmushi ya ce ai waɗannan furfurarsu ce takardarsu. Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, har da gyara zama. Ban zarge shi ba, girmama mu ya yi. Wa zai dubi Alhaji mai shekara kusan saba'in a gaban jama'a ya ce kawo shaidar lafiyarka?

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin auren nan. Gida ya sake yin ƙamshi, na sami mai ce mini sannu da zuwa, mai yi mini faɗa idan na sha shayi da sukari. Amma duk daɗin nan da ƙaya a cikinsa, ƙayar kuma tana zaune a bakin lungu tana goge hula. Duk ranar da Hajiya za ta kasuwar Shasha sayen alkama da man gyaɗa, dole ta wuce rumfar Isiyaku kafin ta sami keke. Sai in fito in tsaya a ƙofar gida kamar mai shan iska, ina lura da tsawon gaisuwar. Ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, shi ke nan fa, amma ni a kunnena kamar an yi hira ta awa guda. Na kwashe hulunana daga wajensa na kai wa wani can wajen Mokola, wanda ya ƙona mini guda biyu ya mayar da ɗaya kamar kwandon tace koko, na ci gaba da kai masa don taurin kai. Daga baya na hana ta bin bakin lungun gaba ɗaya, sai ta zagaya ta bayan makarantar Islamiyya, da ciwon ƙafarta. Ba ta yi musu ba. Ta dai dube ni ta ce, “Alhaji, da tsufanmu?” Na ce da tsufan namu.

Wata huɗu da aure wasu tabo suka fito mata a tafin hannu da tafin ƙafa, jajaye-jajaye, ba sa ƙaiƙayi. Mace mai murza alkaki da hannu ba ta wasa da irin wannan. Ta dakatar da aiki, ta sha maganin shawara, ta shafa man kaɗanya, ba su tafi ba. Sai ta tafi asibiti ita kaɗai. Ta dawo bayan azahar, ina zaune a ɗakina ina cin goro, ta shigo ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa, ta miƙo mini wata 'yar takarda da hannu biyu.

“Alhaji, sun ɗebi jinina. Sun ce tunjere ne. Likitar ta ce yana warkewa da allura, har an yi mini ta farko. Amma ta ce lallai kai ma ka je, don tsakanin miji da mata ake ɗaukarsa.”

“Ni in je? Me ya same ni? Kin ga tabo a hannuna?”

“Ta ce yakan kwanta a jini, mutum bai sani ba.”

“To ni lafiyata ƙalau. Ke ce mai ciwo. Sai ki gaya mini inda kika samo shi.”

Ta ɗago kai ta dube ni, kamar ba ta ji da kyau ba.

“Inda na samo shi? Alhaji, tun da mahaifin yarana ya rasu ba namijin da ya ga ko gashin kaina sai kai.”

“Har da mai wankin hula?”

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka wataƙila da zuciyata ta sauko. Sai ta ce a hankali, “Malam Isiyaku bai cancanci wannan daga bakinka ba.” Ku lura, ba kanta ta fara karewa ba, shi ta kare. Ni kuwa abin da nake jira ke nan tun ranar farko. Na ji kamar duk dariyar da ta taɓa yi masa ana yin ta a cikin ɗakin nan. Na jawo takardar asibitin, na juya bayanta, na rubuta mata saki ɗaya a kai. A duk tsawon wannan magana ƙurjin Shagamu bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, na rantse muku. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nata.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Bayan la'asar ranar nan na fita majalisarmu ta gefen masallaci, inda muke zama mu dattawa, aka tambaye ni me ya sa aka ga ana fitar da kayan amarya. Ina iya cewa zama ne ya ƙare. Sai na ce, “Ciwo aka kawo mini gida, Allah ya tsare ni. Mai son ƙarin bayani ya tambayi mai wankin hula.” Mutum bakwai ne a kan bencin nan. Kafin sallar isha'i maganar ta shiga kowane gida a Sabo, kun san unguwarmu, idan ka yi atishawa a bakin masallaci daga Mokola za a ce maka yarhamukallahu. Mata suka daina aiko mata da aikin biki. Wata ta mayar da alkakin da ta riga ta karɓa. Ta koma gidan yayanta ta kulle kanta, jikokinta ana nuna su a Islamiyya. Ku ma kun daina gaishe ta, na gani, kuma na ji daɗi a lokacin.

Isiyaku bai zo ya yi faɗa da ni ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Rufe rumfarsa ya yi da safe, ya hau okada ya tafi asibiti, ya ce a gwada shi duk abin da ake gwadawa. Bayan kwana biyu ya kawo takardar majalisa, ya miƙa wa liman a gaban kowa, ya ce a sa mai karatun boko ya karanta. Aka karanta, ba shi da komai. Na ce takarda ai saye ake yi a garin nan. Amma na koma gida da shakka a raina. Dije kuma ta sa ni gaba, kullum sai ta zo, ba ta cewa komai sai “Baba, mu je”. Ranar da na gaji na ce to, amma ba a asibitin da take aiki ba, kuma ba kusa da Sabo ba.

Likitar yarinya ce Bayarabiya, ba ta kai Dije shekaru ba. Ta sa Dije ta jira a waje. Da sakamako ya fito ta yi mini magana da Yarbanci, cikin ladabi, ta ce akwai shi a jinina. Na ce na sani, matata ce ta sa mini. Ba ta yi gardama ba, sai ta fara tambaya.

“Baba, ka taɓa ganin wani ƙurji a gabanka, mara zafi, wanda ya warke da kansa?”

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna da ƙurjin Shagamu.

“Na taɓa.”

“Yaushe? Kafin ka auri Mama ko bayan nan?”

“Kafin. Da kamar wata uku. Amma na sa magani ya warke.”

“Ba maganin ne ya warkar da shi ba, Baba. Haka yake yi, ya bushe a waje ya koma ciki. Ita Mama ta zo da ciwo lokacin aure?”

“Lafiyarta ƙalau ta zo.”

Ta ajiye biro ta dube ni. Ba ta ce kai ne ba. Ta ce kawai za a yi mini allura, kuma ya kamata duk wadda na zauna da ita a wannan tsakanin ta sani. Na fito, Dije ta taso tana tambaya, na ce ba wani abu ba ne, 'yan allurai ne. Dije, ina jin kin gane tun ranar, kika rufa wa ubanki asiri, Allah ya yi miki albarka, amma da kin tona da ya fi mana. Na aika saƙo Shagamu ta bakin wani amintacce, aka ce matar ta bar garin. Ban riƙe ta a rai ba. Ita ma wataƙila wani dattijo irina ne ya ba ta, wanda aka ce furfurarsa ce takardarsa.

Iddar Hajiya ba ta cika ba a lokacin, ina da damar mayar da ita da kalma ɗaya. Kullum sai in ce gobe. Abin da ya hana ni shi ne bencin nan: idan na mayar da ita, dole in koma gaban mutum bakwai in ce ni ne. In ce Alhaji ya yi aure a ɓoye, ya ɗauko ciwo, ya sa wa baiwar Allah, ya kuma yi mata ƙazafi. Ina cikin gobe-gobe idda ta cika. Bayan shekara guda na ji ana sanarwar ɗaurin aurenta da Malam Isiyaku. An ce ba wanda ya tambaye shi, shi da kansa ya ajiye takarda biyu a gaban liman, tasa da tata, ya ce a duba kamar yadda ake duba na yara. Ranar ban fita ba, na ce zazzaɓi nake yi. Na san ni na ɗauke ta na kai masa da hannuna, na san ba ni da bakin magana, amma hakan bai rage mini komai ba. Shekara bakwai ina wuce rumfar nan ina ganin an kawo masa abinci a kwanon da na sani, ina ganin wuyansa ya cika, yana dariya. Akwai masu kishi suna da gaskiya, su ko ba komai suna samun mai ba su haƙuri. Nawa kishin ba wanda zan kai wa ƙara.

Sau ɗaya na yi ƙoƙari. Na haɗu da ita a hanyar bayan Islamiyya da hantsi, ba kowa, na tsaya na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa.

“Hajiya, akwai maganar da nake so in gaya miki. Ciwon nan...”

“Na sani, Alhaji. Tun ranar da aka gaya mini sunansa na san daga inda ya zo, tunda ni na san kaina. Ciwo ba laifi ba ne, da ka je mun sha magani tare da ya wuce.”

“To ki yafe mini.”

“A nan? Ba a nan ka faɗa ba. Ka koma inda ka faɗa ka gyara, sannan ka zo.”

Ta gyara mayafinta ta wuce. Na yi niyya, Allah ya sani. Sau da yawa na zauna a bencin nan maganar tana bakina, sai wani ya kawo zancen farashin goro ko siyasa, in ce bari sai an watse kaɗan, in an watse kuma in ce ai ba a cika ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin suka mutu suna riƙe da abin da na gaya musu. Kasuwar alkakinta ta dawo, amma ba kamar da ba, kuma har yau akwai gidajen da idan an ambaci sunanta sai a taɓe baki.

Bara ta rasu, bayan gajeriyar jinya, kuna nan kun sani. Na je jana'iza na tsaya a sahu na biyu. Isiyaku yana gaba, idonsa ja, mutane na riƙe hannunsa, kuma ko a wannan wuri sai da na ji zafin cewa shi ake yi wa ta'aziyya ba ni ba. Kafin a tayar da salla yayanta ya juyo ya ce, “Jama'a, Hajiya Rabi ta riga mu. Duk wanda ta saɓa wa, don Allah ya yafe mata.” Jama'a suka amsa gaba ɗaya. Ni ma na ji bakina ya bi su, ya ce, “Mun yafe.” Isiyaku ya waiwayo, ya dube ni, ya mayar da kansa ga alƙibla. Liman ya yi kabbara.

To ga shi na rubuta. Hajiya Rabi ta shigo gidanku da lafiyarta da mutuncinta, ubanku ne ya sa mata ciwo, ubanku ne ya yi mata ƙarya. Malam Isiyaku bai taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa. Sani, kai ne babba a maza. Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo ka riƙe hannuna zuwa majalisa, ka kira 'ya'yanta su tsaya su ji. Idan muryata ta ƙi fita, ka karɓi takardar nan ka karanta da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya don jin kunyata.